Yadda Za Ka Kammala Aikin Fasahar Da Zuciyarka Ta Ƙi Saki

Da za a ce kowa a Birnin Kebbi ya buɗe wayarsa da akwatinsa a duba, da an tara littattafan da suka tsaya saura babi biyu, da waƙoƙin da aka ɗauka a sutudiyo ba a koma an haɗa sautinsu ba, da hulunan da aka ci rabin ɗinkinsu allura na nan soke a jiki, da bidiyoyin da ke jiran tacewa tun bara. Masu waɗannan ayyuka ba malalata ba ne, domin malalaci ba ya kai babi na talatin. Sun sha wahalar aikin, sun hau tudunsa, sai da ƙarshe ya bayyana a gabansu ƙafa ta yi nauyi.

Da su nake magana. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙi, amma 'yar'uwa marubuciya ko mai ɗinki, har da ke.

Kafin a shiga matakai, ya kamata a san abin da ke riƙe mutum, tunda kowa cewa yake yi lokaci ne babu. Wani lokaci gaskiya ne. Amma wanda ya sami lokacin rubuta shafi ɗari biyu, da wuya a ce lokacin shafi goma ne ya gagare shi shekara guda. Abin da ya fi yawa shi ne tsoro. Muddin aiki bai fita ba, babu mai iya cewa bai yi kyau ba, kuma a zuciyar mai shi yana nan a matsayin gagarumin abin da zai zama wata rana. Ranar da ya fita kuwa, ya zama iya abin da ya zama. Sai kuma sabo. Wanda ya yi shekara biyu yana kwana yana tashi da mutanen cikin labarinsa ya san su fiye da wasu danginsa, kuma rubuta "ƙarshe" sallama ce da su. Akwai wanda ya fara aikin a lokacin rashi, ko bayan mutuwar aure, ko a zaman jiran aikin yi, aikin ya zame masa mafaka. Irin wannan mutum yana jin in ya gama zai koma fili ba inuwa, kuma bai kamata a raina wannan ji nasa ba. Masu sakin labari kullum a WhatsApp da Wattpad, wani dandalin labarai a intanet, suna da nasu nauyin daban: sun san ranar da labari ya ƙare, sharhin masu karatu da addu'o'insu za su ɗauke, shi ya sa labarin da ya isa a littafi biyu ake jan sa har na biyar.

Tunda abin a zuciya yake, jiran ranar da za ka ji aikin ya cika ba zai kai ka ko'ina ba. Wannan ranar ba ta zuwa da kanta. Kammalawa hukunci ne da kai za ka yanke, ka sa masa rana da shaida.

Mataki na farko: ka ga aikin gaba ɗaya, hannunka a naɗe

Yawancin masu maƙalewa sun daɗe ba su ga aikinsu daga farko zuwa ƙarshe ba. Kullum wuri ɗaya suke buɗewa su yi ta shafa. Ka ware yini guda. In rubutu ne, ka je shagon masu kwamfuta a buga maka shi a takarda, ko da layuka a matse don rage kuɗi, domin a waya yatsa ba ya haƙurin barin gyara. In waƙa ce ko bidiyo, ka saurara ko ka kalla a na'urar wani, ba wadda kake aiki da ita ba. In ɗinki ne, ka shimfiɗa shi a hasken rana.

Sharaɗin ɗaya ne: ba ka gyara komai a ranar. Ka ajiye wata takarda a gefe, duk abin da ka gani ka rubuta shi da lambar shafi ko minti, ka wuce. Da yamma za ka ga abu biyu. Abin da ya rage bai kai yadda kake jin nauyinsa ba, kuma akwai wuraren da suka yi kyau waɗanda ka manta kai ka yi su.

Mataki na biyu: a gama ko a rufe

Ba kowane aiki ne ya cancanci a gama shi ba, kuma ina ganin faɗin wannan adalci ne. Wani aikin makaranta ce kawai, ka koyi abin da za ka koya a cikinsa, ka wuce shi. Ka tambayi kanka: da yau ne zan fara, zan zaɓi wannan aikin? Kada ka sa shekarun da ka kashe a lissafi, don sun riga sun tafi, ko ka ci gaba ko ka tsaya ba za su dawo ba. In amsar a'a ce, ka rubuta a shafin farko cewa ka rufe shi a rana kaza, ka adana shi, ka daina cewa mutane "ina nan ina kai". Wannan ma kammalawa ce, kuma tana sauke nauyi.

Amma akwai inda ba ka da zaɓi. In ka karɓi kafin alƙalami a kan riga ko waƙar biki, ko masu karatu sun biya kuɗin shiga zauren labarinka, aikin ya tashi daga sha'awa ya koma amana. Ko ka gama, ko ka mayar da kuɗin mutane tare da ba su haƙuri. Barin su suna jira wata da watanni da "in sha Allahu gobe" zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

In ayyukan da suka tsaya suna da yawa, ka ɗauki wanda ya fi kusa da ƙarewa, ba wanda ka fi so ba. Kana bukatar ka ɗanɗani gamawa sau ɗaya tukuna.

Mataki na uku: ka rubuta abin da "an gama" yake nufi

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Duk wanda ya taɓa riƙe tsofaffin takardun malaman ƙasar nan, irin waɗanda ake samu a gidajen malamai a Gwandu da kewaye, ya san yadda suke rufewa. Marubuci ko mai kwafa zai sa "tammat bi hamdillahi", ya yi salati, sau da yawa ya faɗi sunansa, ya roƙi gafara a kan kuskuren da ke ciki. Masu rubutacciyar waƙa kuma sukan kawo ramzi a baitocin ƙarshe, wato su ɓoye shekarar Hijira da aka gama waƙar a cikin haruffa masu ƙimar lissafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da yaƙi da mulki da karantarwa duk a kansa, ya bar littattafai masu yawa har da tafsirin Alƙur'ani cikakke. Waɗannan bayin Allah ba su jira aiki ya kuɓuta daga aibi ba kafin su rufe. Sun san kamala ta Allah ce, sai suka sa neman afuwa a cikin rufewar kanta, suka miƙa wa almajirai. Mu da muke rubutu a waya mun rasa wannan iyaka, saboda fayil ba ya cika kamar yadda takarda ke cika, kuma tawadarsa ba ta bushewa. Dole mu gina iyakar da hannunmu.

Ka ɗauki takarda ɗaya ka rubuta sharuɗɗan gamawa, kowanne ya zama abin da wani zai iya dubawa ya ce an yi ko ba a yi ba. "Labarin ya yi armashi" ba sharaɗi ba ne, don babu ranar da za ka tabbatar. Ga irin waɗanda ake nufi. Marubuciya ta rubuta: saura babi 3, kowanne kada ya wuce shafi 8, a bayyana wanda ya ɗauki takardun gado, a daidaita sunan ƙanwar miji da ya canza a tsakiya, a bi ƙa'idar rubutu sau ɗaya. Mawaƙi ya rubuta: baiti 12 da amshi, a sake ɗaukar baiti na 7 kawai, a haɗa sauti, a saurara a mota da ƙaramar waya. Mai ɗinkin babbar riga ya rubuta: a cike aikin aljihu da na baya yadda aka zana tun farko, ba ƙarin zane, a kai wa mabuga.

Kada sharuɗɗan su wuce bakwai ko takwas. Ka sa hannu da kwanan wata, ka ɗauki hoton takardar. Daga ranar, duk wani sabon tunani da ya zo maka game da aikin ba ya shiga wannan jeri. In ka bar ƙofar a buɗe, zuciya za ta riƙa ƙaro sharaɗi duk lokacin da ta hango ƙarshe, kuma kowanne zai zo da hujja mai kyau.

Mataki na huɗu: ka raba gyaran wajibi da na kwalliya

Ka koma kan takardar da ka cika a mataki na farko. Kowane abu ka sa shi a ɗaya daga gida biyu. Wajibi shi ne abin da in an bar shi mai karatu zai ɓata, ko a faɗi ƙarya, ko a ci mutuncin wani, ko ɗinki ya warware: wanda ya mutu a babi na 9 ya dawo yana magana a na 20, ayar da aka kawo ba daidai ba, murya ta shaƙe a tsakiyar baiti. Kwalliya kuwa ita ce wadda kai kaɗai za ka lura da ita. Wajibi za ka yi duka. Kwalliya ka zaɓi biyar da suka fi damunka, sauran ka yafe.

Zagayen gyara uku ya isa. Na farko na gini ne, a duba tsarin labari ko jerin baitoci. Na biyu na jimla da kalma. Na uku na ƙa'idar rubutu: haruffa masu ƙugiya, raba kalma da haɗe ta, alamomin tsayawa. Kada ka haɗa su, kuma in ka wuce zagaye kada ka koma baya. Akwai alamar da ba ta ƙarya wadda ke nuna gyara ya ƙare: ka canza kalma yau, jibi ka mayar da ita yadda take. Da ka kama kanka kana haka, ka sani aikin ya daina ƙaruwa, jinkiri kawai kake saya.

Mafi ciwo a nan shi ne cire abin da kake so. Kusan kowane aiki da ya maƙale yana da wani sashe da mai shi ya fi ƙauna, wanda kuma shi ne ya tare hanya: doguwar hirar masoya da ba ta kai labarin ko'ina, ko baitin da ya yi daɗi amma ya fita daga jigo. A 2012 wasu masu bincike uku a Amurka, Norton da Mochon da Ariely, sun wallafa gwajin da suka sa mutane naɗe takarda su yi siffar tsuntsu ko kwaɗo, sannan aka tambayi nawa za su saye ta. Waɗanda suka naɗa da hannunsu sun sa wa nasu kuɗi ninki-ba-ninki a kan abin da sauran mutane suka yarda su biya, har suna zaton kowa haka yake ganinsa. Wahalar da ka sha a kan abu tana ƙara masa daraja a idonka kai kaɗai. Mai karatu bai ga daren da ka raba ba, shafin kawai ya gani.

Dabarar da ke sauƙaƙa wannan ita ce kada ka goge. Ka buɗe wani fayil ka sa masa suna "ajiya", duk abin da ka cire ka zuba a can. Hannu ya fi sakin abu in ya san ba wuta za a jefa shi ba. Wani sashen ma zai zama irin aiki na gaba.

Mataki na biyar: ranar da ba a hannunka take ba

Wani Baturen Ingila, Parkinson, ya rubuta a 1955 cewa aiki yakan buɗe ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Wanda bai sa wa aikinsa rana ba ya ba shi rayuwarsa ke nan. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san in ta nuna yanka ake yi. In ya ce bari ta ƙara kyau, sai ta fara zuba a ƙasa, tsuntsaye su kwashi rabonsu. Aikin fasaha ma yana da lokacin nuna: in ya wuce, zancen da ke cikinsa ya tsufa, kai kanka ka canza, ka dawo kana son rushe abin da mutumin da kake a da ya gina.

Wajen sa rana kada ka yarda da lissafin farko da ya zo maka. A wani bincike da aka wallafa a 1994 a Kanada, an tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin digirinsu. A matsakaici sun ce kwana 34, amma sai da suka ci kwana 55, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka gama a lokacin da suka faɗa. Don haka abin da ka ƙiyasta, ka ƙara masa rabinsa ko fiye. Ka kuma duba yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, wuta ba tabbas, kai ba ya ɗaukar aikin tunani da rana, sai bayan asuba. In kana noma, kada ka sa ranarka a tsakiyar shuka ko girbi. Mai ɗinki kada ya sa ta a goman ƙarshe na azumi.

Sannan ka ɗaure ranar a jikin wani abu da ba ka iya ɗagawa. Ranar da ka sa wa kanka a zuci, kai ne alƙali kai ne mai ƙara, kullum za ka yi wa kanka sassauci. Ka biya mai sutudiyo kafin alƙalami ya rubuta maka rana. Ka yi magana da maɗaba'a. Ka nemi a sa ka a jerin masu karatu a zaman ƙungiyar marubuta na wata mai zuwa. Gasa ma tana wannan amfani: Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta sa mata da yawa sun rufe gajeren labari saboda akwai ranar rufe karɓa, ko sun ci ko ba su ci ba. Ka kuma sami mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, yaya ko malami ko aminin da ba ya rufa maka, ka ba shi hoton takardar sharuɗɗanka da ranar, ka ce ya tambaye ka duk Juma'a.

Mutum ɗaya na ce. Shelar rana a Facebook tana kawo yabo tun kafin a yi aikin, kuma yabon yakan kashe ƙishin gamawa.

Abu na ƙarshe a nan, ka faɗi wuri da lokaci ƙarara. "Zan riƙa rubutu" ba ya aiki kamar "in na dawo daga sallar asuba zan zauna a zaure in yi shafi biyu kafin in buɗe data". Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma wannan tarbiyya tana amfani a nan.

Mataki na shida: ka tsallaka ka yi ƙarshen

Kada ka bi layi kana jiran ka iso ƙarshe, don za ka yi ta tsawaita hanya. Ka tsallake ka rubuta babin ƙarshe yanzu, a zama ɗaya, ko ya fito da muni. Mawaƙi ya yi baitin rufewa. In ƙarshen ya tsaya a takarda, abin da ya rage cike gurbi ne tsakanin wuri biyu sanannu, kuma tsoron ya ragu da rabi tunda sallamar ta riga ta faru.

In ka zauna hawaye suka zo, ka bar su su zo, ka ci gaba da rubutu. Yana faruwa, musamman ga wanda ya zuba wani ɓangare na rayuwarsa a ciki.

A daidai wannan lokaci ne sabon tunani mai daɗi zai faɗo maka, labari ko waƙar da za ka ji ta fi wannan nesa ba kusa ba. Kusan kowa yana gamuwa da shi. Ka rubuta shi a layi uku a bayan littafinka, ka rufe. Sabon aiki yana da daɗi ne saboda bai kai inda zai yi wuya ba, kuma shi ma zai kai.

Mataki na bakwai: ido biyu ko uku, ba taro ba

Ka ba mutum biyu ko uku su duba, ka ba su mako biyu. Ɗaya ya zama ya san sana'ar, ɗaya kuma irin mutumin da aka yi aikin dominsa. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, don kunya za ta sa su ce ma sha Allah su yi shiru. In malaminka ne, ka ce: "Allah ya gafarta Malam, ina roƙon a nuna mini wuri uku da aka ji gajiya, da inda ba a gane nufina ba." In ƙawarki ce: "Don Allah 'yar'uwa, ki sa mini alama a inda kika ajiye wayar kika tashi." Irin wannan tambaya tana ba mutum izinin faɗin gaskiya ba tare da ya ji ya ci fuska ba.

In biyu suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ka gyara, amma yadda za a gyara naka ne. In ɗaya ne kawai ya faɗa kuma zuciyarka ba ta karɓa ba, ka yi godiya ka bar shi. Kada ka ƙara neman mai dubawa na huɗu da na biyar. Wannan ma wata hanyar ɓuya ce, ko da ta yi kama da tawali'u.

Mataki na takwas: tsoron da ke da tushe

Wani tsoron gaskiya ne, maganinsa kuma aiki ne ba lallashi ba. Masu tsoron sata su sani cewa a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, aiki yana samun kariya da zarar an rubuta shi ko an naɗe shi, ba sai an yi rajista ba, kuma kariyar rubutu tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Duk da haka hujja tana da amfani. Ka tura wa kanka cikakken aikin ta imel don kwanan wata ya zauna, ka adana tsofaffin kwafe, in da hali ka shigar da shi a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa. Mai buga littafi ya nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Ka ajiye kwafi a wuri uku, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

In aikin ya taɓa hukuncin addini, ko tarihin wata masarauta, ko wani gida da za a iya ganewa, ka kai wa masani wannan sashen kaɗai kafin ya fita. In tsoron baki da hassada ne, ka yi addu'o'inka na tsari, ka rage yawan zancen aikin kafin ranarsa, amma kada ka mai da shi dalilin binne baiwar da Allah ya ba ka.

Mai tsoron kuskure kuma ya tuna akwai bugu na biyu. Makaɗan fada na ƙasashen Kabi da Zamfara ba su taɓa jiran waƙa ta cika kafin su kai ta gaban sarki ba. Gindin waƙa yana nan, ɗiyanta kuwa ana ƙarawa ana ragewa daga wannan sallah zuwa waccan, shi ya sa ake samun waƙa ɗaya da naɗi daban-daban. Sai da suka fitar da ita sannan ta girma.

Mataki na tara: ranar saki

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka duba takardar sharuɗɗanka, in kowanne ya sami alama, an gama, ko me zuciya ke faɗa. Ka mai da rubutun PDF, ka sa wa fayil suna da kwanan wata, ka fitar da wanda ake iya gyarawa daga wayarka zuwa wani wuri mai wuyar kaiwa. Ka rubuta kalmar rufewa da hannunka, "tammat" ko "alhamdu lillahi", da rana da garin da ka gama.

In ka san hannunka zai yi rawa, ka ba shaidanka, wato mutumin nan da ka ba hoton takardar sharuɗɗanka, fayil ɗin tun ana gobe da dare, ka ce in azahar ta yi bai ji daga gare ka ba ya tura wa maɗaba'a ko ya ɗora. Mai ɗinki ya kira mai kaya ya faɗa masa sa'ar da zai zo karɓa. Bayan nan ka yi wani abu da zai nuna wa jikinka cewa an sauke: raka'a biyu na godiya, 'yar sadaka, ko ka sayi tsire ku ci da mutanen gida waɗanda suka yi haƙuri da kai tsawon lokacin. Al'adarmu ta walimar sauka tana da hikima, ɗan'adam yana bukatar a shaida masa cewa wani zango ya wuce.

Bayan an saki

Ba kowa ke gaya maka wannan ba: kwanakin farko ba lallai su zo da farin ciki ba. Da yawa suna jin wani irin fayau, kamar gidan da baƙi suka watse. Lokacin da ka saba zama da aikin zai zo ka rasa abin yi da hannunka. Ka shirya masa tun kafin ya zo. Ka cike wannan sa'ar da abin da ba fasaha ba na mako biyu, ziyarar dangin da ka yi wa nisa, karatun ayyukan wasu, tafiya da ƙafa da yamma. In kuwa ƙuncin ya wuce makonni, ya hana ka barci da ci, musamman in aikin yana ɗaure da wani rashi, ka gaya wa wanda ka amince da shi, ka ga likita. Wannan ya wuce maganar littafi.

Kada ka buɗe aikin har wata guda. Sharhin mutane kuma ka sa masa lokaci, sau ɗaya a yini ya isa, kuma kada ka mayar da martani ga suka a ranar da ka karanta ta. Za a sami wanda zai nuna kuskure na gaskiya. Ka buɗe shafi ɗaya mai suna "bugu na biyu", ka rubuta shi a can da lambar shafi, ka yi wa mutumin godiya. Kuskuren da ya shafi aya, hadisi ko mutuncin wani ne kawai ake gyarawa nan take a sanar. Sauran su jira wata shida, ko sai kwafen farko sun ƙare.

In wata ya cika, ka koma bayan littafinka inda ka ajiye sababbin tunanin nan masu layi uku, da fayil ɗin ajiya. Ka zaɓi ɗaya. Kafin ka rubuta layin farko, ka ɗauki takarda ka rubuta yadda ƙarshensa zai kasance, tsawonsa, da watan da kake son rufe shi, ka kai wa shaidanka.